Ranar da agogona ya nuna 205

Jiya da safe ina cikin sassarfa, ko gumi ban fara ba, sai agogona ya nuna zuciyata na bugawa sau 205 a minti ɗaya. Gabana ya faɗi. Shekaruna 40, kuma a lissafin da aka saba, na cire shekarun mutum daga 220, iyakata wajen 180 ce. Na tsaya na dafa jijiyar wuyana na ƙirga, bai wuce 120 ba.

Da na dawo na duba maɗaurin ƙirjin da ke aika wa agogon bayani, sai ga gishirin gumi ya daskare fari fat a kan maɓallan ƙarfensa biyu. Shi maɗaurin lantarkin zuciya yake karantawa, sai da danshi yake aiki, busasshiyar fata rikita shi take yi.

Na ɗauraye shi, na sake masa batir, ɗan ƙaramin nan mai kama da kwabo, CR2032, yake ci. Yanzu ina jiƙa shi kafin in ɗaura, in na gama kuma in ɓalle 'yar na'urar da batirin ke ciki daga jikinsa don kada batirin ya zube a banza. Har yanzu na fi yarda da shi a kan koren hasken bayan agogo da ke auna bugun zuciya a wuyan hannu, musamman in ina gudu da ƙarfi.

Yau 142 ya nuna, yatsuna ma haka suka ƙirga.