"Yaya, ai zai dawo"

Wata huɗu ke nan ina fama da wani labari na matasa. Yaro ne ɗan shekara 16, ya farka ya tsinci kansa a cikin wasan kwamfutar da ya saba raba dare a kai. Da na kammala babi na uku, inda ƙafarsa ta zame ya faɗa cikin narkakken dutse, sai na miƙa wa ƙanwata ta karanta. Ni a zatona har ƙwalla za ta yi. Ta karanta tsaf, ta miƙo mini wayar ko gezau.

"To, Yaya, sai me? Ai zai dawo inda ya ajiye wasan."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma gaskiyarta. Duk wanda ya taso da waɗannan wasanni ya san mutuwar can ba ta da haƙori. Tun a Super Mario Bros. na 1985 da rai uku kake farawa, ka tara kwabbai 100 a ƙara maka wani. Mai karatun da ya saba da haka, da me za ka tsorata shi?

Marubuta da yawa mafita ɗaya suke bi: wai wanda ya mutu a wasan ya mutu a zahiri. An yi ta har ta gundiri mutane, kuma a ganina zamba ce. Ka ɗauko wasa, ka zare masa abin da ya mai da shi wasa. In haka ne me ya hana ka jefa yaron a daji kawai ka huta?

Abin da ya warware mini matsalar, zama na yi kusa da ita wani dare tana buga Minecraft. Wani koren dodo mai fashewa na cikin wasan ya lallaɓo ta bayanta, ya tashi da ita. Mutuwar ko a jikinta. Amma sai na ga ta zabura ta gyara zama, domin duk kayan da ke hannunta sun zube a inda ta faɗi, kuma minti biyar kawai suke yi a ƙasa kafin su ɓace. A cikinsu akwai lu'ulu'u uku da ta kwana biyu tana haƙa. Ga dare ya rufa, don yini da dare a wasan duka minti 20 ne. Tana gudu cikin duhu, ta ciji leɓe, na yi mata magana ko ji ba ta yi ba. Tsoron da na kasa sa mata da shafi goma, ga shi nan a fuskarta.

Na koma na rushe babin. Yanzu yaron yana dawowa duk lokacin da ya mutu, amma sai ya tarar ya bar wani abu na duniyarsa ta waje. Da farko lambar wayar gida ce ta kuɓuce masa, bai ma lura ba. Daga nan launin ƙofar ɗakinsa. A mutuwa ta bakwai ya yi ta ƙoƙarin tuna muryar mahaifiyarsa, ya kasa.

Na kuma sa wata tsohuwa mai sayar da fitilu, irin mutanen nan da masu tsara wasa ke dasawa a bakin hanya da jimla ɗaya tak a bakinsu, ko sau dubu ka tsaya ita za su maimaita. A dawowarsa ta bakwai, tsohuwar ta dube shi ta faɗi wata magana daban. Ƙarshen labarin kuwa daga wasan Pac-Man na 1980 na aro dabararsa: a mataki na 256 lissafin na'urar yana cika ya tumbatsa, rabin allon na dama ya rikiɗe ya koma tarkacen haruffa da lambobi. Can nake son kai yaron.

Jiya ƙanwata ta karanta sabon babin. Ta daɗe riƙe da wayar, sannan ta ɗago.

"Yaya, muryar babarsa za ta dawo?"

Na ce ta jira babi na tara.