Kwana tara ina yankan inabin giya a Faransa, ni da ban taɓa kurɓa ba

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni gonar inabi ba, talauci ne. A 2019 ina karatu a Dijon, kuɗin da ake turo mana daga gida suka maƙale wata biyu cur, mai ɗaki ya fara jefo min wasiƙu irin nasu masu ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo. Sai wani abokina ɗan Mali ya ce kai ba ka san bandanj ba? Haka suke kiran girbin inabi. Ya ce duk Satumba masu gonaki neman hannu suke ido rufe, takardar zamanmu ta ɗalibai ta ba mu damar aiki awa 964 a shekara, kuma ana biyan yuro 10 da 'yan santim a awa. Na lissafa, sefa 6,500 kenan da wani abu duk awa ɗaya, ban ma tsaya tambayar inabin me za a yi da shi ba. Ko in faɗi gaskiya, na sani, na dai ƙi tambaya.

Gonar tana wani ƙauye kusa da garin Bon, tsakiyar yankin da Faransawa ke kira Burgony, daga Dijon bai kai rabin awa a jirgin ƙasa ba. Mu wajen talatin ne, akwai ɗalibai, akwai tsofaffi 'yan fansho da suke zuwa duk shekara kamar biki, akwai wasu mata biyu 'yan Maroko. Ƙarfe bakwai da rabi an miƙa maka ƙaramin almakashi da bokiti an nuna maka layinka. Ni da na tashi a ƙauye a jihar Maradi ina yankan gero tun ina yaro na ɗauka wasa ne, ashe gero mutunci gare shi, a tsaye kake yankan sa. Kurangar inabin can gajera ce da kyar ta kai ƙugu, nonon inabin kuma yana can ƙasa cikin ganye, layi da layi taku ɗaya ne, gindi wajen dubu 10 suke cusawa a hekta guda, to ko dai ka duƙa ko ka tsuguna ko ka ja gwiwa, haka har yamma. Rana ta biyu na datse ɗan yatsana da almakashi, ta uku kuwa wallahi da rarrafe na hau gado. Ga ruwan inabin yana danƙo a hannu, ga rina na bin zaƙi. In bokitinka ya cika sai ka kira mai goyo, wani ƙaton kwandon roba ne a bayansa, ka juye masa ya kai tarakta.

Wajen ƙarfe tara da rabi ake ɗan hutawa a ci burodi da cuku da naman alade, a kora da giya, da safen nan fa. Ranar farko burodi gaya muka ci mu huɗu. Matar mai gonar, Madam muke ce mata, ta lura ba ta ce komai ba, washegari sai ga kifin gwangwani da dafaffen ƙwai da ruwan inabi sabon matsa wanda bai kwana ba. Azahar kuma bayan wata katangar duwatsu nake shimfiɗa kwali, ba wanda ya taɓa ɗaga min gira.

A rana ta huɗu ne na fara gane inda nake. Na gama layina na zarce na gaba da shi, sai na ji mai gona yana kwaɗa min kira daga nesa yana ɗaga hannu, wai tsaya tsaya ba namu ba ne! Na duba, ba shinge, ba dutse, ba ko gamba irin wadda muke dasawa a iyaka. Layi goma sha biyu nasa, na sha uku na wani ɗan uwansa da ba sa ko gaisawa. Rabon gado ne ya yi haka, tun dokar zamanin Napoleon da ta ce a raba wa 'ya'ya duka, gona ta yi ta tsagewa har ta koma layi-layi. Ya ba ni misali da Clos de Vougeot, gona ɗaya cikin katanga ɗaya, hekta 50, masu ita sun kai 80. Na ce a raina ashe rigimar gado ba a gidanmu ta ƙare ba.

Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne kuɗin. Irin inabi ɗaya ne, Pino nuwar in baƙi ne, Shardone in fari ne, kusan su kenan a wannan tudun. Mutum ɗaya ke nomawa, hannu ɗaya ke matsawa, amma wannan fegin da wancan, 'yar hanyar tarakta ce kawai tsakaninsu, kwalbar ɗaya ta ninka ɗayar sau uku. Kowane fegi da sunansa, suna ce musu kilima, kuma ba yanayin sama suke nufi ba, fegin ƙasar suke nufi. Guda 1,247 ne, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Daraja hawa huɗu ce, ta yanki, ta ƙauye, sai premier cru, sai grand cru a ƙoli, su 33 ne kacal a duk Burgony. Mai gonar ya tsaya da ni ya nuna min tudun da hannu, ya ce can sama ƙasar ba kauri, dutse ne kusa, ga sanyi, can ƙasa kuma laka ce mai riƙe ruwa, inabi ya yi ta ƙiba ba ɗanɗano, tsakiyar gangaren mai kallon gabas nan ne ruwa ke tsanewa rana ta same shi da wuri, manyan suna nan. Dariya ta kama ni, ya ce lafiya? Na ce ai wannan karatun babana ne, jigawa da geza da fadama, ya san inda gero ke so da inda dawa ke so da kwanar da wake ba ya taɓa yi.

Bambancin dai su sun rubuta. 'Yan zuhudun Kirista ne suka fara tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna noma suna lura suna kewaye fegi da duwatsu, na baya ya ɗora kan na gaba. A 1395 sarkin yankin, Filib mai lakabin Jarumi, ya ba da doka a tumɓuke wani irin inabi da ake kira Gamai saboda yawan 'ya'ya gare shi ba inganci. Daga 1936 kuma gwamnati ta fara sa sunayen nan cikin doka, ba ka isa ka liƙa sunan ƙauye a kwalba ba sai inabin daga can ya fito kuma ka bi ƙa'idar nomansa. Wannan ne ya sa da na ji an yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar suna irin wannan na ji daɗi ƙwarai, ko da yake rajista daban, hana wani ya zuba albasar wani wuri a buhu ya ce ta Galmi ce daban.

Ran Lahadi ba aiki, ɗan mai gonar ya ɗebe mu a mota zuwa ƙauyen Bon-Romane mu ga wata shahararriyar gonar inabi da ake kira Romanée-Conti. Ina ta zaton zan ga wani abu kamar fada. Wata 'yar gona ce hekta 1.8, gajeriyar katanga da gicciyen dutse, sai baƙi daga Japan da Amurka suna ta ɗaukar hoto a nutse kamar masu ziyara. Gonar babana ta ninka ta. Kwalba dubu 5 zuwa 6 take bayarwa a shekara, kuma a 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta shekarar 1945 a New York kan dala 558,000, sama da miliyan 300 na sefa, kwalba ɗaya tak. Ni dai a ganina ƙasar tana da nata, na yarda, amma daga wani mataki zuwa sama ba ƙasa ake saye ba kuma, masu kuɗi ne ke gasar mallakar abin da ɗan uwansu bai samu ba.

Wani abin da tsugunon ya nuna min, kowane gindi yana da ƙulli daf da ƙasa. Na tambaya aka ce aure ne, irin dai yadda muke auren mangwaro. Wai a shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo daga Amurka yana cin saiwa, ya iso Burgony wajen 1878, ya kusa share gonakin Faransa kaf. Suka gwada guba, suka gwada cika gona da ruwa, a ƙarshe abin da ya yi magani shi ne a ɗauko saiwar inabin Amurka wadda ta saba da ƙwaron a aura mata reshen na Faransa. Kenan duk taƙamar nan a kan ƙafar baƙo take tsaye. Kuma wannan annobar ce ta tura Faransawa dasa inabi a Aljeriya, har maƙwabciyar tamu, ƙasar Musulmi, ta zama wadda ta fi kowa fitar da giyar inabi a duniya kafin ta samu 'yanci a 1962. Wannan ko a lakol ba a faɗa mana ba.

Da yamma in an kai kaya nakan leƙa inda ake matsa. Nan na ga ruwan baƙin inabi ashe fari ne, ɓawon ne ke rina shi in an bar su tare a babban tanki. Yis ke cin sukarin ya mai da shi barasa, yana fitar da wata iska marar wari da ke iya kashe mutum in ya zura kai cikin tankin, sun ja mana kunne sosai a kan wannan. Daga baya a zuba a gangar katako mai cin lita 228 a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara ɗaya ko fiye. Masu ɗanɗanawa kuma ba haɗiyewa suke ba, su shaƙa, su kurkure baki, su tofar, sai ka ji ana wai ƙamshin ceri, wai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Aka ce in gwada tunda tofarwa zan yi, na ce a'a na gode. Warin dai da ya cika ɗakin ni zoɓon da ya kwana biyu ya tuna min. Abin da na yi shi ne na ɗanɗana 'ya'yan inabin fegi biyu, na tsakiyar tudu da na ƙasa, na tsakiyar ƙanana ne masu kaurin ɓawo, zaƙinsu a dunƙule, iyakar abin da harshena ya gane kenan, ba zan yi ƙarya ba.

Ranar ƙarshe aka yi wa tarakta ado da furanni aka yi walima, na karɓi yuro ɗari shida da 'yan kai na biya mai ɗaki. Mu mun yi dace da mutanen kirki, ba kowa ke dacewa ba. A 2023 a yankin Shampany masu girbi sun mutu saboda zafi, aka kuma gano 'yan Afirka ta Yamma marasa takardu an cusa su a wani kangon gida. Duk ɗalibin da zai je irin aikin nan ya ga kwantiragi a rubuce tukuna, ya tambayi wurin kwana da abinci ko za a cire a kuɗinsa, ya guji 'yan tsakiya masu ɗiban mutane a bakin tasha, ya kuma sayi safar hannu.

Saura maganar da na yi ta kaucewa. A waya na ce wa Baba aikin gona na samu, ya yi ta sa albarka. Sai da na koma Dijon na faɗa masa gonar inabi ce, ya ce inabin ci ko na matsawa? Na yi shiru. Bai yi faɗa ba, ya ce kai ma ka yi makarantar allo, ka san hadisin bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsawa da mai ɗauka. Na fara cewa ai Baba ni yanka kawai na yi, sai na tuna kwana biyun da na karɓi kwandon goyo saboda bayana ya huta da duƙo. Ya ce to ka yi istigfari, Allah Ya buɗa wata hanyar. Shekarar da ta biyo wankin kwanoni na yi a wani gidan abinci, ban koma ba. Abokina ɗan Mali ya koma sau biyu, ban ce masa komai ba, na san abin da ke aljihunsa.

Da na dawo gida na sayi wani littafi mai bangon kwali na zana gonarmu, na raba ta kashi bakwai yadda Baba ke kiran su da baki, gefen gawo, bakin rijiya, ta Inna, haka dai, ina rubuta ranar shuka da irin da aka sa da damin da kowane kashi ya bayar. Baba ya yi min dariya har da tafa hannu, wai Bature ya koya wa yaro rubuta abin da kowa ya sani. Bana da ruwan farko ya sauka muna zaune a zaure da dare sai ya ce, kai ɗauko littafin nan naka, bara ran nawa ga wata muka shuka gefen gawo?