Godiya daga Garin Kaka

Assalamu alaikum. A madadin iyalina, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci sunan ɗiyarmu, da waɗanda suka aiko da addu'a daga nesa. Mai jego da jaririya suna cikin ƙoshin lafiya, alhamdulillahi.

Amma godiyar da ke cikina ta girmi wannan suna. A 2019 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu a ƙasar Sabon Birni, muka tsallaka iyaka muka faɗa ƙauyukan Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Kafin wata ƙungiya ta san da zuwanmu, mutanen gari ne suka tarbe mu. Wani dattijo ya kwashe buhunan hatsinsa daga ɗaki ya ce mu shiga, matarsa ta dama fura ta miƙa wa yara, ba ta ko tambayi sunanmu ba. Gobirawa ne kamar mu, na Tibiri da na Sabon Birni ai tsatso ɗaya ne, sai dai zumunci daban, iya ɗaukar nauyi daban, domin su ma ba wadata gare su ba. Allah Ya saka musu da Aljanna.

Daga baya gwamnatin Nijar da hukumar HCR, mai kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka maido mu nan Garin Kaka, nesa da bakin iyaka, kamar yadda aka kai wasu 'yan'uwanmu Cadakori da Ɗan Daji Makau. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne an haɗa mana komai wuri guda. Nan aka ɗauki sunayenmu da zanen yatsu aka ba mu takarda, nan likita take, nan lakwal, nan ake rabon abincin PAM, hukumar abinci ta duniya. Wanda bai taɓa zama baƙo ba ba zai gane girman wannan ba. Mutumin da ba ya jin Faransanci, ba shi da kuɗin mota, a ce masa je ofishi kaza gobe ka dawo wani, wallahi haƙura zai yi ya zauna da ciwonsa. Mu kuwa da naƙuda ta tashi cikin dare, da ƙafa muka isa wurin ungozoma, kuma ma'aikaciyar da ke bin lamarinmu ita ta tsaya har aka shigar da batun takardar haihuwa.

Ina gode wa malaman lakwal da suka yi haƙuri da yaranmu har bakinsu ya kama karatun nan, da maigari wanda ya ba mu aron gona. Na ji daɗi ƙwarai da aka bar fanfo da likita a buɗe ga 'yan gari da baƙi baki ɗaya, don da an ware mu kaɗai, da ba mu iya haɗa ido da masu masaukinmu ba.

'Yan'uwa da suka rage a gida, muna tare da ku a addu'a. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Sakkwato, Zamfara da Katsina, Ya tsare Nijar da mutanenta. Amin.