Yadda na share imel ɗin ofis ba tare da na zubar da takardar aiki ba

Akwatin imel da nake aiki da shi a sashenmu na Gmail ne, mai gigabait 15, kuma wurin nan ana raba shi ne da Google Drive da Google Photos. Idan ya cika, saƙo ba ya fita, wanda aka aiko maka kuma sai ya koma wa mai shi. Da na ga ya kusa kaiwa maƙura, abin da ya fara zuwa mini shi ne in zaɓi duk tsofaffin saƙonni in zubar. Da na yi haka, da na yi ɓarna, domin tsufan saƙo ba shi ke nuna amfaninsa ya ƙare ba.

Sai na fara da rubuta wa kaina tambaya ɗaya a takarda: in gobe odita ya zo, ko wani ya musanta abin da aka yi, wannan saƙon zai zama shaida? Wanda amsarsa e ce, takardar aiki ne, daidai yake da wadda ke cikin fayil a ofishin rajista. Amincewar oga kan sayen kaya, sharuɗɗan kwangila da aka daidaita ta imel, ƙorafin abokin hulɗa da amsar da aka ba shi, umarnin canza tsarin aiki, duk suna nan. Sauran kuwa, su "na gani, na gode", gayyatar taron da aka riga aka yi, tallace-tallace, sanarwar ɗaurin aure da ta suna, zayyanar farko ta rahoton da tuni an kammala shi, shara ce.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne saƙon da aka sa ni a kwafi, wato aka aika wa wani, ni kuma aka haɗa da ni don in sani kawai. Ƙa'idar da na bi ita ce: wanda ya aika saƙon, ko wanda aka nufa da shi don ya ɗauki mataki, shi ke da alhakin adana shi. In mutum goma suna cikin kwafi, ba dalilin a sami kwafi goma a ajiye. Amma in saƙon daga waje ya zo kuma ni kaɗai ne a ofis ya same ni, to nauyin yana wuyana.

Kafin in goge ko ɗaya, na kwashe takardun aikin daga akwatin. Nan ne aikin yake, kuma ya ci mini yammaci uku. A Gmail akwai zaɓin sauke saƙo a matsayin fayil mai ƙarshen .eml, a Outlook kuma .msg. Wannan ya fi tura saƙon ga wani adireshi, saboda turawa tana maye sunan mai aikowa da lokacin asali da naka, sai shaidar ta yi rauni. Kowane fayil na sa masa suna da shekara, wata, rana, sannan batun, misali 2023-04-17 amincewar gyaran janareta, don su jeru da kansu. Na ajiye su a jakar aikin da sashe ke amfani da ita tare, ba a kan kwamfutata ba. Akwatin imel na mutum ɗaya ne. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya ajiye aiki, abin da ke ciki yakan bi shi.

Tsawon lokacin ajiya ba ra'ayina ba ne. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ce a riƙe bayanan lissafin kuɗi shekara 6, don haka rasit da takardun neman biya ban taɓa su ba. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tuna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga jami'in da ya lalata bayanan da ke hannunsa da gangan kafin a miƙa su ga mai nema. Duk batun da ke gaban kotu ko ake bincike a kansa, a dakatar da gogewa a kansa baki ɗaya, ko da saƙon "to, madalla" ne. A ɗaya ɓangaren kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutane fiye da lokacin buƙatarsu ba. Na tarar da takardun neman aiki na shekarun baya jibge, da hotunan katin shaida da lambobin waya. Ajiye su haɗari ne kawai, sai na goge.

Gogewar kanta ba ta da wuya. A wurin bincike na rubuta larger:10M, ya fito da saƙonnin da suka haura megabait 10. Ba su da yawa, amma su suka cinye mafi yawan wurin: hotunan taron bita, bidiyo, takarda ɗaya da aka yi ta aikowa sau biyar. Daga nan category:promotions, mai fito da tallace-tallace, sai older_than:2y, mai fito da saƙonnin da suka wuce shekara biyu, haɗe da adireshin masu aiko da labaran mako. Duk wanda ba na karantawa na cire sunana daga jerinsu, in ba haka ba wata uku ya isa sharar ta dawo. Kada a manta da jakar saƙonnin da aka aika. Mutane sukan share masu shigowa su bar waccan, alhali a can ne shawarwarin da kai ka yanke suke, tare da manyan fayilolin da ka tura.

Kuskure biyu na yi. Gmail yana haɗa saƙo da amsoshinsa wuri ɗaya, kuma in ka goge daga sakamakon bincike, zaren gaba ɗaya ke tafiya. Na nufi wani babban hoto, ashe a ƙarƙashinsa akwai amincewar biyan kuɗi. Allah ya sa kwandon shara yana riƙe saƙo kwana 30 kafin ya ɓace, na dawo da shi. Tun daga nan nakan kashe haɗa zaren a saituna kafin in fara. Na biyu, na ɗauka danna Archive yana rage nauyi. Ba ya ragewa. Ɓoye saƙon kawai yake yi daga gabanka, yana nan cikin lissafin gigabait ɗin. Haka abin da ke kwandon shara, sai an zubar da shi wurin ke buɗewa. Na bar nawa ya yi mako biyu, na sake dubawa sau ɗaya, sannan na zubar.

Yanzu kowace Alhamis, minti 20 kafin tashi, nake yin wannan tacewar, tun ina tuna abin da kowane saƙo ya ƙunsa. Takardar da na rubuta ranar sharar farko, wadda ta nuna irin saƙonnin da na goge, na waɗanne shekaru, da wanda ya ba da izini, tana cikin fayil ɗin sashe da sa hannun oga.