Gammon da Gada Ke Zama a Kansa

In aka tambaye ni me ɗan kamfaninmu ke ƙerawa, sai in ce gammo. Akan yi dariya, amma ban ga sunan da ya fi shi dacewa ba. Abu ne da ake sakawa tsakanin ginshiƙi da gada, ko tsakanin harsashi da gini, domin in ƙasa ta girgiza ta yi ta fizge-fizgenta a ƙasa, na sama kuwa ya yi lilo a hankali.

Masu saye kan ɗauka dunƙulen roba ne kawai. Ina! Roba zalla in ka ɗora mata bene bajewa za ta yi. Hawa-hawa muke jera ta: fallen roba, farantin ƙarfe, roba, ƙarfe, har tsayin da injiniya ya zana ya cika. Ƙarfen ne ke hana ta bajewa, ga shi kuma bai hana ta gocewa gefe ta dawo ba. A tsakiya sai mu cusa sandar dalma, ita ke tanƙwarewa tana shanye ƙarfin girgizar. Bill Robinson na ƙasar Niyu Zilan ne ya ƙirƙiro wannan dabara a shekarun 1970, ginin William Clayton da ke Welintan kuma shi aka fara ɗorawa a kan irinsa.

Inda nake kasa barci shi ne wajen haɗa roba da ƙarfe. Sai an goge farantin fes, an shafa masa gam, kuma ba mai taɓa shi da hannu tsirara, don maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana shi kamawa. Daga nan sai injin matsa, zafi wajen digiri 150, awanni ana jira. Ka yi gaggawa, waje ya nuna ciki ɗanye, kuma ido ba ya gani. Sai a wurin gwaji asiri ke tonuwa, in aka danne gammon da nauyi ana tura shi gefe da gefe. Na sha jefar da wanda ya yi kyau a ido, yaran shago na kallona kamar na zautu.

A girgizar ƙasar da aka yi a Northridge ta Amurka a 1994, asibitin jami'ar USC da ke Los Anjalis yana kan irin wannan gammo, kuma bai daina karɓar marasa lafiya ba. Sai dai gini ba ya lilo in ba a bar masa fili ba. Dole a kewaye shi da rata, bututun ruwa da wayoyin wuta su ma su zama masu lanƙwasa.

Na taɓa komawa duba wani aiki, na tarar ɗan kwangila ya cike ratar da kankare, wai ramin ya ɓata kyan wurin.

Na ce masa, “Injiniya, ai ka ɗaure ginin da ƙasa ke nan.”

Ya ce shi a ganinsa ƙara masa ƙarfi ya yi. Kwana uku suna fasa kankaren da guduma, ina tsaye a kansu.