Taliya da kaza a kasko ɗaya: lemon tsami sai an kashe wuta

Duk wadda za ta haɗa taliya da kaza a kasko ɗaya, don Allah ta ajiye lemon tsaminta a gefe har sai ta kashe wuta. Kaza guda sukutum da ledar taliya na yi asara kafin na san haka, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Abin da ya ja ni ga girkin bai wuce gajiya ba. In na dawo daga aiki da la'asar sakaliya, ba ni da ƙarfin ɗora tukunyar taliya daban, ta miya daban, sannan ga suyar kaza, ga tulin wanke-wanke. Sai na ci karo da bidiyon wata mata a ƙasar waje tana yin duka a kasko guda. Ta yanka lemonta fale-fale har da ɓawo, ta jera a kan kazar, ta rufe ya dahu tare da taliyar. Ko sau ɗaya ba ta ce a kula da irin lemon ba. Nata babba ne, rawaya, mai sanyin tsami. Namu na kasuwa ƙarami ne, kore, cike da 'ya'ya, ɓawonsa kuma ya fi nata ɗaci nesa ba kusa ba. Yadda ta yi haka na yi.

Ƙamshi kam ya cika gida, har yara suna leƙowa kicin. Aka zuba, maigida ya kai loma ɗaya, ya ajiye cokali a hankali ya ce, "Maman yara, anya maɗaciyar kazar nan ba ta fashe ba wajen gyara?" Ni ma zargin da na fara ke nan, har na ɗora wa mai fige kaji laifi a zuciyata. Sai da na tsamo yankan lemo ɗaya, ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, na ɗora a harshe, nan na gane inda ɗacin yake. Na zuba ɗan sukari, na ƙara man shanu, na ƙara ruwa na mayar kan wuta, duk a banza. Ɗacin ya shige cikin kowane silin taliya, ya ratsa naman har ƙashi. Shayi da burodi yarana suka sha suka kwanta a daren.

Ɗacin lemo yana cikin farin nan na ƙarƙashin ɓawo da kuma 'ya'yan, zafi ne ke fito da shi. A dafuwar taliya ta yau da kullum akwai mafita, tunda za ki tace ruwan ki zubar. A nan ba a tacewa. Ruwan da taliyar ta dahu a ciki shi ne miyar, duk abin da ya faɗa ciki ya zauna ke nan. Gishiri ma haka: ruwan yana ƙonewa, gishirin yana nan daram, don haka rabin wanda kika saba za ki fara sawa, musamman in da dunƙule.

Na ɗauki lokaci ban sake waiwayar girkin ba. Da na dawo masa, ga yadda hannuna ya zauna.

Cinyoyin kazar gidan gona nake amfani da su, don ƙirji bushewa yake yi kafin taliya ta nuna. Ina tsane su da kyalle mai tsabta har ruwa ya fita tas, in shafa gishiri, masoro, busasshen tayim da dakakkiyar tafarnuwa. In man gyaɗa ya yi zafi a kasko mai faɗi da ɗan zurfi, sai in jera su, ɓangaren fata a ƙasa, in ƙyale su. Nan ne hannu ke ƙaiƙayin juyawa, amma a daure. In fatar ta yi ja sosai, da kanta take sakin kaskon. Ina kwashe su, kuma wannan jan da ya kama gindin kasko ban yarda a wanke shi ba, a nan daɗin girkin yake kwance. Albasa da attaruhu ɗaya su ɗan risina a cikin man, sai in zuba ruwan zafi in kankare gindin da muciya har ruwan ya canza launi.

Rabin ledar taliya, wato giram 250, yana shan ruwa kamar mililita 600 zuwa 700. Ga mai cikakkiyar leda ta giram 500 sai ta ninka, amma ta tabbata kaskonta zai ɗauka, in ba haka ba ta sama ta ƙi nuna ta ƙasa ta caɓe. Nakan mayar da kazar ta ɗan tafasa a ruwan kamar minti 10 kafin taliya ta shiga, saboda ɗanyen jini a jikin ƙashi abu ne da ba na wasa da shi. Mai ma'aunin zafi ta duba zafin cikin naman ya kai digiri 74 na Celsius. Sannan in karya taliyar biyu in zuba, in bar kaskon a buɗe, ina motsawa akai-akai. Minti 10 zuwa 12 ta yi. Kazar Hausa kuwa, duk da ta fi ɗanɗano, sai an sulala ta tukuna ta yi laushi, a yi amfani da romonta a maimakon ruwa. Taliya 'yar murji ba ta dace da wannan hanya ba ko kaɗan, narkewa take yi.

Ina kashe wuta alhali da sauran ruwa mai kauri a ƙasa, don taliyar za ta ci gaba da sha. Sai a lokacin lemo ke shigowa, kuma ta cikin rariya nake matsa shi, ko ɗa ɗaya ba na bari ya faɗa. Ba na murɗe shi har ɓawon ya yi ruwa, matsa ɗaya mai sauƙi in yar. Ƙanana biyu sun ishi rabin leda. In matsa ɗaya, in ɗanɗana, sannan in yanke shawara a kan na biyun. In ina son ƙamshin ɓawon, koren saman kawai nake gogawa, da na hango fari na tsaya. Wannan ɗan gogen ya fi duk yankan da matar nan ta jera ƙamshi, kuma ba ɗaci ko ɗigo.

Ɗanyen ganye ma a ƙarshe yake shiga. Ɗoɗɗoya nake tsinka da hannu, da na'a-na'a ɗan kaɗan don tana da danne komai. In suka daɗe a wuta baƙi suke yi, ƙamshin ya gudu. Cokali ɗaya na man shanu, a juya, sai ki ga taliyar tana sheƙi, miyar ta lulluɓe kowane sili.

Ranar da surukata ta zo na yi shi, gabana yana faɗuwa. Ta dubi farantin, taliya fara ba tumatir, ta ce, "'Yar nan, ina miyar?" Na ce, "Hajiya, tana jikinta, ki taɓa ki ji." Ta ci ba ta ce uffan ba, ta tsotse ƙashin, sannan ta miƙo farantin a ƙara mata. Wallahi daɗin da na ji a ranar ba ya misaltuwa.

Wani abu da na lura da shi daga baya: in aka matsa lemo a kaskon gaba ɗaya aka yi saura, washegari da an ɗumama sai ɗan ɗacin nan ya leƙo. Bai kai na farko ba, amma harshena ya riga ya san shi, ba na jurewa. Yanzu in na san za a rage, sai in ɗebe na ajiya tukuna ba lemo ba ganye, in sa a firij. Wanda za a ci a take shi kaɗai nake matsa wa, na gobe kuma sai an ɗumama an sauke a yanka masa sabo.