Abin da na tashi da shi daga barga

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullin ɗakin magani, na bar bargar da na daɗe ina aiki a cikinta. Waɗanda muke harkar dawaki tare sun san wurin, sun san mai wurin, don haka ba sai na kama suna ba. Masu kirana suna tambaya ko faɗa aka yi, ba a yi faɗa ba, sallama muka yi har da addu'a. Ƙannenmu masu fitowa daga makarantun koyon kula da lafiyar dabbobi ne suka dame ni da tambayar yadda aikin barga yake, shi ya sa na ce bari in rubuta ko da kaɗan ne.

A makaranta, ire-iren dawaki jerin sunaye ne da hotuna, ka haddace ka rubuta a jarrabawa. Da na shiga barga sai na tarar sanin irin doki yana nufin ka san abin da yake ci, aikin da ƙafarsa za ta ɗauka, da abin da ke kashe shi. Wannan na ƙarshen shi ne wanda masu saye ba sa tambaya.

Lokacin da na fara, yawancin dawakin gidan namu ne na gida. Akwai 'yan Azbin, gajeru, ƙirarsu a ɗaure, kofatonsu kamar dutse, ba su san takalmin ƙarfe ba. Harawa, dusa da ɗan gero, sai kanwa lokaci-lokaci, shi ke nan sun ƙoshi. Akwai 'yan Barno da 'yan Sudan masu jinin Dongola, dogayen ƙafafu, doron hanci a ɗan gantsare, da yawansu da farin goshi da fararen ƙafafu. Su ake ɗaura wa sirdin hawan Sallah, domin ingarman da ya tashi yana jin kakaki da algaita da ƙarar bindiga ba ya firgita a tsakiyar taro, kuma idan aka zo jafi zai taho a guje ya ci birki a gaban sarki ba tare da ya zubar da mahayi ba. Wanda ya san su ciki da waje shi ne tsohon da ke shugabantar yaran doki, kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa zama a aji ba, amma daga yadda doki ya tsaya a turke da safe zai gaya maka ciwon ciki ne ko ƙafa. Rabin abin da na sani a hannunsa na koya, ba na jin kunyar faɗa.

Sai aka kawo mana manaja, ɗan'uwan mai gida, wanda ya yi karatu a waje ya dawo da son polo. Ba na ce bai san komai ba. Ya san tarihi sosai. Zai zaunar da kai ya gaya maka cewa duk dokin sukuwar Ingila, wato Thoroughbred, asalinsa yana komawa ga ingarmu uku da aka kai can daga gabas, Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma tun 1791 ake rubuta nasabarsu a littafi. Gaskiya ne. Zai kuma tuna maka cewa Turawa da tafin hannu suke auna doki, kowane tafi inci 4, duk wanda bai wuce tafi 14 da inci 2 ba a doron kafaɗa, wato wajen santimita 148, kuru ne a wurinsu. Daga nan sai ya nuna 'yan Azbin ɗinmu da mukullin mota ya ce to ga kuraye nan muna ta ciyarwa. Yara su yi dariya don dole. Baba dai ya taɓa ce masa, "Ranka ya daɗe, tun zamanin Sarki Dikko ake buga polo a Katsina, lokacin kuwa babu jirgin da ke sauke doki daga Ajantina." Ina jin tun daga ranar ya ƙullace shi.

Ajantina kuwa ita ce burinsa, kuma ya samu mai gida ya amince. Aka yi odar goɗiyoyin polo. Mu nan namiji ake hawa, goɗiya tana ƙauye tana haihuwa, amma 'yan polo goɗiya suka fi so. Kada wani ya ce ina kushe su. Dokin polo na Ajantina haɗi ne na Thoroughbred da dokin makiyayansu mai suna Criollo, ya ɗauko gudu a wajen ɗaya, juriya da saurin juyawa a wajen ɗayan. Criollo ɗin nan ne wani malamin makaranta ɗan Suwizalan, Aimé Tschiffely, ya tashi da guda biyu daga Buenos Aires a 1925, ya ratsa duwatsu da daji ya isa Washington a 1928. Ba ragon doki ba ne. Ranar da na fara ganin ɗaya daga cikin goɗiyoyin nan ta juya a kan ƙwallo, na yarda kuɗinta bai tafi a banza ba.

Matsalar ita ce lokacin da aka zaɓa. A watan Yuni suka sauka Legas, aka ɗauko su a mota zuwa Arewa. Yuni a Ajantina lokacin hunturu ne, don haka suka iso da gashin sanyi mai kauri a jikinsu, suka faɗo cikin damina da zufa. Ko a inuwa suke, sai ka ga gumi yana bin ƙirjinsu. Wannan mai sauƙi ne, aski ya magance shi. Abin da ya hana ni barci shi ne cutar dawakin Afirka. Wasu ƙananan ƙwari ne ke yaɗa ta, ba su kai rabin sauro ba, har ta ramin gidan sauro na yau da kullum suna wucewa. A laka da danshin kashin dabbobi suke hayayyafa, da magariba da asuba suke cizo, damina kuwa ita ce kakarsu. Namu na gida ma tana kama su, amma sun gaji zama da ita, da yawa sukan tashi. Dokin da ya fito daga ƙasar da babu cutar, idan ta kama shi, tara cikin goma na iya mutuwa. Ba ta da magani, sai rigakafi, allura biyu da tazarar mako uku a tsakani, sannan a jira jiki ya karɓa.

Na rubuta wannan duka a takarda na kai ofis. Na nemi a sayo allurar a cikin sanyi, a killace goɗiyoyin, a sa raga mai ƙananan ramuka da fanka a ɗakunansu tunda ƙwarin ba su da ƙarfin tashi cikin iska, a riƙa shigar da su tun kafin rana ta faɗi, kada a fito da su sai hantsi. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Likita, ka ga takardunsu kuwa? An yi musu duk allurar da ake yi wa doki a duniya." Na ce, "Yallaɓai, wannan cutar babu ita a Ajantina, ba za su yi rigakafin abin da ba su da shi ba." Ya ce in bar masa, zai duba. Likitan da yake kirana da shi ma ba na girmamawa ba ne, ya san difloma gare ni.

Bai duba ba. Abin da ya fi damunsa shi ne baƙi. Kullum bayan la'asar abokansa za su zo, a fito da goɗiyoyin filin da ke gangaren fadama, a yi ta hoto har a kira magariba, wani lokaci ma sai an kunna fitilun mota. Baba ya same shi ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙon doki ba ya yin magariba a bakin fadama da damina, ko iyayenmu ba sa yi." Ya yi kunnen uwar shegu da shi.

Ba a rufa wata biyu ba. Da safe na auna wata goɗiya aharas, mafi kyau a cikinsu, na ga zafin jikinta ya haura 40, alhali lafiyayyen doki yana wajen 38 ne. Na duba ramin nan da ke saman idon doki, wanda yatsa ke shiga, na tarar ya cike ya kumburo. Na kalli Baba, shi ma ya gani, bai ce komai ba. Kafin azahar ta ware ƙafafun gaba, ta miƙe wuya, hancinta a buɗe tana jan numfashi da ƙyar, gumi yana ɗiga daga cikinta. Muka kira babban likita daga gari, ya yi abin da zai iya. Da yamma kumfa ta fara zubowa ta hancinta, fara mai ɗan rawaya, ta faɗi. Cikin makon wata ta bi ta. Sai a lokacin aka samo kuɗin raga da fanka da allura, cikin kwana ɗaya, kuɗin da aka ce babu.

Mutuwar dabba ba ta ba ni mamaki ba, aikinmu ya gaji haka. Abin da aka yi bayanta ne har yau yake ci mini rai. Da mai gida ya dawo daga tafiya, labarin da ya tarar shi ne yaran doki sun ba su ruɓaɓɓiyar harawa, ni kuma ban lura da wuri ba. Takardata ta ɓace daga ofis. Babban likitan ya faɗi gaskiyar cutar, amma ba a tambaye shi wa ya hana rigakafi ba, shi ma bai tsoma baki ba. Ni aka yanke mini albashi, aka ba ni takardar gargaɗi. Baba aka shafa wa kashin kaji gaba ɗaya, aka sallame shi, mutumin da tun mai gida yana yaro yake ɗora shi a kan sirdi. Da zai tafi na ce, "Baba, bari in je in sami Alhaji da kaina." Ya ce, "A'a ɗana, kana da iyali. Tsakanin mutum da ɗan'uwansa ba ka da wurin tsayawa." Na ci gaba da aiki a wurin bayan haka, domin tuwon yara, amma ban ƙara kai wata shawara ofis ba sai na riƙe kwafi a gida, na kuma tura wa mai gida hotonta ta WhatsApp. Manaja ya ce na raina shi. Wataƙila.

Sauran abubuwan da na koya ba su kai wannan nauyi ba. Kurun Shetland da ake saya wa yara, wanda tsayinsa ba ya wuce santimita 107, daga tsibiran Sukotland ya fito inda ciyawa ke da wuya, saboda haka ɗan abinci kaɗan ke sa shi ƙiba. Ka bar yara suna ɗura masa gero da rake, ciwon kofato zai kama shi, ka gan shi yana jingina da baya don ya sauke nauyi daga ƙafafun gaba. Kuma ƙanƙantarsa ba ta hana shi cizo da harbi.

Dokin Larabawa, mai lotsattsiyar fuska da ɗagaggen wutsiya, ya fi kowa jure doguwar tafiya, amma kada ka sa masa linzaminmu na gargajiya mai zobe. Bakinsa zai fashe, kuma ba ya mantuwa.

Thoroughbred fatarsa da kofatonsa sirara ne. Idan ba ka da mai sa takalmi na ƙwarai da kuɗin abinci na kullum, bar shi a inda ka gan shi.

Baƙin Friesian na Holan mai gashi har ƙafa, a hoto ya fi kyau. Lakar damina tana maƙalewa a gashin ƙafar ta zama gyambo, zafin bazara kuma yana galabaitar da shi.

Kaska tana kashe baƙon doki kamar yadda ƙwarin fadama ke yi, a hankali dai. A duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne kullum.

Idan za ka sayi na gida a kasuwa, je ka da wanda ya san haƙori, ka kuma sa a yi sukuwa da shi a gabanka kafin a yi ciniki. Launi, ko kili ne ko akawal ko danda, shi ne abu na ƙarshe da za ka duba, ko da yake na san babu mai jin wannan idan Sallah ta matso.

Baba yana nan da ransa. Ranar Alhamis yakan shiga kasuwar Maigatari yana zaɓar wa mutane dawakai, kuma wasu daga cikin abokan manajan da suka sha hoto a bakin fadama yanzu shi suke aikawa. Na kuma ji an sake yin odar wasu goɗiyoyin, a watan Yuni za su sauka. Yaron da ya gaje ni ya kira ni shekaranjiya yana tambayar inda ake samun allurar. Na gaya masa, na ce kuma ya rubuta buƙatar a takarda biyu.